Yadda ake farfaɗo da na'urar rarraba intanet idan manhajarta ta lalace

Na'urar rarraba intanet ta gida, wadda aka fi sani da rauta, kan daina aiki baki ɗaya idan aka ɗauke wuta a daidai lokacin da ake sabunta manhajarta. Sai dai sau da yawa na'urar ba mutuwa ta yi ba, kuma akwai hanyoyin da ake bi a farfaɗo da ita ba tare da an sayi sabuwa ba.

Abin yakan faru ne cikin minti biyu ko uku. Mutum ya shiga shafin na'urar, ya ga sanarwar cewa an fitar da sabuwar manhaja, ya danna, layin da ke nuna ci gaban aiki ya kai rabi, sai fanka ta tsaya. Da wuta ta dawo, ko kuma aka tada janareta, sai fitilar rauta ta yi ta ƙiftawa babu ƙaƙƙautawa, sunan Wi-Fi ya ɓace daga wayoyin mutanen gida, shafin da aka saba shiga kuma ya ƙi buɗewa.

Masu wannan sana'a a ƙasashen Turai da Amurka kan ce na'urar ta zama bulo, wato ba ta da sauran amfani sai dai a tokare ƙofa da ita. Ga wanda yake kallon fim da intanet ɗin, wannan ɓacin rai ne kawai. Ga mai shagon buga takardu da cike fom na jarrabawa kuwa, ko ƙaramin ofishin da ke aika takardunsa ta intanet, kowace rana da na'urar ta yi a kwance asara ce ta kuɗi.

Abin da ke cikin akwatin

Rauta dai ƙaramar kwamfuta ce wadda ba ta da fuska ba ta da madannai. Tana da ƙwaƙwalwar sarrafawa, tana da ma'adanar wucin gadi da ke mance komai da zarar an kashe ta, sannan tana da ma'adanar dindindin da ake kira filash, wata 'yar ƙwaya baƙa da sau da yawa ba ta kai girman farcen ɗan yatsa ba. A tsofaffin na'urori masu araha girman wannan ma'adana megabait 4 ne ko 8, yayin da a sababbi yakan kai 128 ko fiye.

An kasa wannan ma'adana kamar ɗakunan gida. A ɗakin farko akwai wata 'yar ƙaramar manhaja da za mu kira manhajar tayarwa, wadda ita ce ke fara farkawa idan an kunna na'urar. Aikinta shi ne ta duba kayan ciki, ta nemo babbar manhaja, ta tabbatar lafiyarta ƙalau, sannan ta miƙa mata ragama. A na'urorin da ke da ƙwaƙwalwar kamfanin Broadcom sunanta CFE, a wasu da dama kuma U-Boot ce ake amfani da ita.

Ɗaki na biyu, wanda ya fi kowanne girma, na babbar manhaja ne, wadda a shafukan kamfanoni za a ga an rubuta sunanta da firmware. Ita ce ke samar da Wi-Fi, ita ke raba wa wayoyi adireshi, ita ce kuma ke nuna shafin saituna. Sai ɗaki na uku inda ake ajiye sunan Wi-Fi da kalmar sirri da sauran abin da mai na'ura ya saita. A na'urori da yawa akwai kuma na huɗu, ɗan ƙarami, mai ɗauke da bayanan daidaita rediyon na'urar da aka rubuta tun a masana'anta. Za mu dawo kansa.

Dalilin da ya sa ɗaukewar wuta ke yin wannan ɓarna yana cikin yadda filash ke karɓar rubutu. Ba a iya rubuta sabon abu a kan tsoho, sai an fara gogewa, kamar yadda almajiri ke wanke allo kafin ya rubuta sabon karatu. Na'urar kan goge tsohuwar manhaja kashi-kashi tana zuba sabuwa. Idan wuta ta yanke a tsakiyar wannan aiki, tsohuwa ta tafi, sabuwa ba ta cika ba.

To amma a yawancin irin wannan sabuntawa ba a taɓa ɗakin farko. Ke nan manhajar tayarwa tana nan da ranta. Idan aka kunna na'urar, takan lissafa wata lamba daga abin da ta tarar a ɗaki na biyu, ta gwada ta da lambar da aka rubuta a kan fayil ɗin tun asali. Idan ba su dace ba, ta san akwai matsala, kuma a na'urori da yawa sai ta tsaya tana jiran a miƙo mata sabon fayil ta waya. Ƙiftawar fitilar da ke tayar wa mutum hankali sau da yawa alamar wannan jira ce.

Ba wuta ce kaɗai ke jawo lalacewar ba. Akwai ɗora fayil ɗin da ba na wannan na'ura ba, wanda shi ne kuskuren da masu gaggawa suka fi yi. Kamfanoni kan riƙe suna guda su canza kayan ciki. TL-WR841N ta kamfanin TP-Link, alal misali, ta fito a zubi fiye da goma, kuma ba dukkansu ke da ƙwaƙwalwa iri ɗaya ba. Lambar zubin tana rubuce a takardar da ke manne a ƙarƙashin na'urar. Akwai kuma fayil ɗin da bai gama sauka ba, da kuma sabuntawa ta Wi-Fi maimakon ta waya.

Kafin a zargi manhaja

Yana da kyau mutum ya fara da abin da ya fi sauƙi, domin akwai cutar da ke kama da lalacewar manhaja alhali ba ita ba ce. Adaftar wutar da ta tsufa, musamman wadda ta sha zafi da hawa da saukar wuta, kan iya kunna fitila amma ta gaza a lokacin da rediyon na'urar ya fara jan wuta sosai. Sai rautar ta mutu ta sake tashi, ta mutu ta sake tashi. A gwada wata adafta mai volt iri ɗaya da wanda aka rubuta a jikin na'urar, galibi 9 ko 12, wadda kuma ƙarfin amfiyarta bai gaza na asali ba. Rauta da dama da aka yanke wa ƙauna, adafta kawai suke bukata.

Bayan wannan sai maɓallin riset, wanda ke ɓoye cikin ɗan rami a bayan na'urar. Danna shi na kimanin sakan 10 yayin da na'urar ke kunne yana share saituna ne kawai, wato ɗaki na uku. Idan matsalar daga nan take, shi ke nan an huta. Idan babbar manhaja ce ta lalace kuwa, riset ba zai dawo da ita ba ko da an danna sau ɗari, domin babu wani kwafi da zai ɗauko.

Akwai wata tsohuwar dabara da har yanzu ake yaɗawa, ta riƙe maɓallin sakan 30 na'ura na kunne, sakan 30 a kashe, sannan sakan 30 bayan an sake kunnawa. An ƙirƙiro ta ne domin tsofaffin na'urori masu ƙwaƙwalwar Broadcom, kuma su kansu masu manhajar DD-WRT da suka yayata ta sun yi gargaɗin kada a yi wa sababbin na'urori. A nawa ganin, wanda rautarsa ba ta haura shekara goma ba ya manta da ita.

'Yan sakanni bayan kunnawa

Aikin farfaɗowa na gaske yana bukatar abu uku: kwamfuta mai ramin wayar LAN, ita wayar, da kuma fayil ɗin manhaja daidai da samfuri da zubin na'urar, wanda aka sauke daga shafin kamfanin da ya ƙera ta. A nan ne mutane kan tuna cewa intanet ɗin gidan ta wannan rautar take bi. Sai a nemi fayil ɗin ta datar wayar hannu. Idan ya zo a dunƙule cikin zip, a warware shi tukuna.

Sai a kashe Wi-Fi na kwamfutar, a cire duk wata waya daga rautar, a haɗa kwamfutar da ɗaya daga cikin ramukan LAN, an fi son na farko. Kada a sa a ramin WAN, wanda launinsa kan bambanta, sai idan takardar kamfanin ce ta ce a yi haka.

Mataki na gaba shi ne wanda ya fi rikita sabon shiga. A kullum rautar ce ke ba kwamfuta adireshi, amma yanzu mai rabon ba ya nan. Saboda haka dole mutum ya shiga saitunan kwamfutarsa ya rubuta adireshin da hannu. Ga na'urar da ke amsawa a 192.168.1.1, sai a ba kwamfutar wani abu kamar 192.168.1.10, a rubuta 255.255.255.0 a gurbin da ke ƙarƙashinsa.

Daga nan ana iya gane ko akwai sauran numfashi. A buɗe tagar umarni ta Windows, a rubuta ping -t 192.168.1.1, sannan a kunna rautar ana kallon abin da ke fitowa. Idan an samu amsa, ko da sau biyu ko uku ne kafin ta ɗauke, to manhajar tayarwa tana raye. A na'urori masu CFE akwai ma wata alama da masu gyara suka daɗe da sani. A ƙarshen kowane layin amsa akwai lambar TTL. Idan ta nuna 100, manhajar tayarwa ce ke magana. Idan ta nuna 64, babbar manhaja ce ta tashi, ke nan lalacewar ba ta kai yadda ake tsoro ba. Rashin amsa kuma ba hujja ba ce ta mutuwa, domin U-Boot ba ta cika amsa irin wannan kira ba.

Yaren da ake miƙa fayil ɗin da shi sunansa TFTP, wata tsohuwar ƙa'ida ta aika fayil da ake amfani da ita tun farkon shekarun 1980, aka kuma daidaita ta a 1992. Ba ta tambayar suna ko kalmar sirri, tana aika bayanai ne gutsure-gutsure, bait 512 a lokaci guda, tana jiran a ce an karɓa kafin ta aika na gaba. Wannan sauƙi nata ne ya sa take shiga cikin 'yar manhajar da ba ta wuce kilobait ɗari da 'yan kai ba.

A Windows sai an kunna TFTP daga jerin ƙarin kayan aikin tsarin, domin tun daga Vista ba ta zuwa a kunne. Umarnin shi ne tftp -i 192.168.1.1 put, sai sunan fayil ɗin. Harafin i ɗin nan yana da muhimmanci, domin shi ke hana kwamfuta ɗaukar fayil ɗin a matsayin rubutu ta canza wasu abubuwa a cikinsa.

Wahalar tana wajen saita lokaci. A wasu na'urori ƙofar a buɗe take har sai an kawo fayil, a wasu kuwa sakan biyu ko uku ne kacal bayan an kunna. Sai mutum ya rubuta umarnin ya ajiye yatsa a kan madanni, ya sa wuta, ya danna da zarar amsar farko ta bayyana. Ba abin mamaki ba ne a gwada sau biyar ko goma kafin a dace. Wani abin da ke hana dacewa shi ne, ita kanta kwamfutar kan ɓata 'yan sakanni tana gane cewa an haɗa waya, kafin ta farga ƙofa ta rufe. Maganin wannan shi ne a sa ƙaramin suwic na LAN a tsakani, yadda kwamfutar za ta ga layin a raye tun kafin a kunna rautar. Katangar tsaro ta Windows ma kan tare hanya, don haka akan kashe ta na ɗan lokaci, a tuna a mayar bayan an gama.

Idan fayil ya shige, sai haƙuri. Shigarsa sakanni ce, amma rubuta shi a filash kan ɗauki mintuna. Wanda ya zare wuta a nan domin ya ga ko an yi nasara, ya maimaita ainihin abin da ya kashe na'urar tun farko. A bar ta aƙalla minti biyar.

Kowane kamfani da tasa ƙofar

Abin da aka bayyana a sama shi ne tsarin da kwamfuta ke tura fayil. A na'urorin TP-Link da yawa kuwa abin juyawa yake yi, rautar ce ke zuwa nema. Ana ba kwamfuta adireshin 192.168.0.66, ko 192.168.1.66 a wasu samfura, a buɗe wata manhaja irin su Tftpd64 da za ta riƙe fayil ɗin, a canza masa suna zuwa wanda rautar ke nema, wanda kan ƙare da tp_recovery.bin. Sai a riƙe maɓallin riset, a sa wuta, a ci gaba da riƙewa na 'yan sakanni. Idan an kuskure sunan, rubutun da ke fitowa a tagar Tftpd64 kan nuna ainihin sunan da na'urar ta tambaya, sai a gyara a sake.

Asus ta sauƙaƙa abin da wata manhaja tata mai suna Firmware Restoration. Ana riƙe riset a sa wuta har fitilar wuta ta fara ƙiftawa a hankali, sannan manhajar ta nemo na'urar ta zuba mata fayil. Samfuran D-Link da dama kuma suna da wani shafin gaggawa da ke buɗewa a burauza a 192.168.0.1 idan an kunna su ana riƙe da riset. Netgear tana da wata ƙa'ida tata mai suna NMRP, kuma akwai wata manhaja ta kyauta, nmrpflash, da ke magana da ita. Masu MikroTik, kamfanin ƙasar Latbiya da ƙananan masu sayar da intanet ke yawan amfani da kayansa, Netinstall suke amfani da ita.

Wasu sababbin na'urori sun magance matsalar tun daga tushe, ta hanyar ajiye manhaja biyu. Idan ana sabuntawa, a ɗaki guda ake rubutawa, ɗayan na nan da tsohuwar. A Linksys WRT1900AC da 'yan uwanta, idan na'urar ta kasa tashi sau uku a jere takan koma wa ɗaya kwafin da kanta. Saboda haka mai irin wannan na'ura kan kunna ta, ya kashe bayan 'yan sakanni kafin ta gama tashi, har sau uku, a na huɗu ya bar ta.

Wanda ya ɗora OpenWrt kuma ya kulle kansa a waje saboda kuskuren saiti, ba ya bukatar duk wannan. Manhajar tana da yanayin gaggawa da ake shiga ta hanyar danna maɓalli lokacin da fitila ke ƙiftawa yayin tashi, inda take watsi da duk saituna ta amsa a 192.168.1.1.

Akwatin da ya koya wa duniya

Yawancin wannan ilimi ba daga kamfanoni ya fito ba. Ya samo asali ne daga wata rauta mai launin shuɗi da baƙi, Linksys WRT54G, da aka fitar a ƙarshen 2002. A 2003, shekarar da kamfanin Cisco ya sayi Linksys, masu rubuta manhaja suka gano cewa Linux ce ke gudanar da na'urar. Lasisin Linux kuwa, wanda ake kira GPL, ya wajabta wa duk wanda ya sayar da kaya mai ɗauke da ita ya bayyana tushen rubutun manhajar. Bayan matsin lamba kamfanin ya saki rubutun a wannan shekara.

Daga nan ne aka samu OpenWrt a 2004, da DD-WRT a 2005, da Tomato a 2006. Dubban mutane suka shiga ɗora wa na'urorinsu manhajojin da ba na kamfani ba, kuma da yawa suka mayar da su bulo. Dole ce ta sa suka koyi gyara. Su ne suka gano wani saiti a WRT54G mai suna boot_wait, wanda idan yana kunne manhajar tayarwa kan dakata kaɗan tana jiran fayil a duk lokacin da aka sa wuta. Shawarar farko da ake ba sabon shiga a wancan zamani ita ce ya kunna shi kafin ya taɓa komai.

A 2005 Linksys ta fitar da zubi na 5 na wannan na'ura, ta rage filash daga megabait 4 zuwa 2, ta kuma sauya Linux da wata manhaja mai suna VxWorks, alhali suna da kamanni suna nan yadda suke. Domin masu son Linux sai ta fito da WRT54GL. Darasin duba lambar zubi tun daga lokacin ya samo asali.

Idan ƙofar ta ƙi buɗewa

Idan duk wannan bai yi ba, sai a buɗe akwatin, wanda hakan kan soke garanti. A kan farantin lantarkin da ke ciki, wanda masu gyara ke kira bod, galibi akwai ramuka ko fil guda huɗu a jere. Wannan ita ce kafar da injiniyoyin masana'anta ke sauraron na'urar da ita. Da 'yar adafta mai araha ta USB, irin mai ƙwayar CP2102 ko CH340, da manhajar PuTTY da aka saita a gudun 115200 ga yawancin na'urori, mutum zai ga duk abin da manhajar tayarwa ke faɗa a rubuce, har da inda ta tsaya da dalilin tsayawar. Yana kuma iya katse ta ya ba ta umarni da kansa.

Waya uku ake haɗawa: ta ƙasa, da ta aikawa, da ta karɓa, ana gicciya biyun ƙarshe, wato TX na wannan ya shiga RX na wancan. Fil na huɗu na wuta ne, ba a taɓa shi. Kuma adaftar ta kasance a volt 3.3, domin volt 5 na iya ƙona ƙwaƙwalwar.

A wannan mataki kuskuren lamba guda a adireshin da za a goge na iya share ita kanta manhajar tayarwa. Haka ma wasu fayilolin TP-Link da ke da kalmar boot a sunansu, suna ɗauke da manhajar tayarwa a gabansu, kuma rubuta su kai tsaye a ɗaki na biyu ba tare da an yanke wannan kashi ba na hana na'ura tashi. Akwai kuma tsohuwar dabarar nan ta haɗa ƙafafu biyu na ƙwayar filash da bakin ƙarfe domin a tilasta wa na'urar shiga yanayin jira. Ta yi wa wasu aiki, ta kuma ƙona wa wasu na'ura har abada. Ba abin da za a ba mutum shawara ba ne.

Idan manhajar tayarwa ta tafi, sauran hanya biyu. Ko dai JTAG, wata kafar gwaji da ke magana da ƙwaƙwalwa kai tsaye, wadda a zamanin WRT54G ake haɗawa da ramin firinta na tsofaffin kwamfutoci, ko kuma a rubuta wa ƙwayar filash ɗin daga waje da na'ura irin CH341A, ta hanyar kama ta da matsi ko cire ta daga bod. Wannan aikin masu gyaran waya ne da suka saba da filashin da dalma, irin waɗanda ake samu a kasuwar Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja.

Sai dai akwai abin da ya kamata mai na'ura ya faɗa wa mai gyara kafin ya fara: ya kwafe duk abin da ke cikin ƙwayar ya ajiye tukuna. Dalili shi ne ɗaki na huɗu da aka ambata a baya. A na'urori masu ƙwaƙwalwar Atheros ana kiransa ART, girmansa kilobait 64 ne a ƙarshen ma'adanar, kuma bayanan da ke ciki an auna su ne domin wannan na'ura ita kaɗai. Ba a samun su a shafin kamfani. Idan aka share su, rautar kan tashi, ramukan LAN su yi aiki, amma Wi-Fi ya ƙi fitowa, ko ya fito da rauni idan aka aro na wata.

Ga rauta mai araha, lissafi kan nuna cewa kuɗin mota da na mai gyara sun kusa kuɗin sabuwa. Ga mai tsada kuwa, gwadawa ta fi jefarwa.

Inda hannu ba ya kaiwa

Ba kowace na'ura ce mai ita ke da ikon gyarawa ba. Rautoci masu layin waya da kamfanonin sadarwa ke sayarwa a Najeriya da Nijar, waɗanda galibi Huawei ko ZTE ke ƙerawa, manhajarsu ta kamfanin sadarwar ce, kuma ba a cika sakin fayil ɗinta ga jama'a ba. Masu neman buɗe su domin su karɓi layin wani kamfani kan ɗora fayilolin da ba a san asalinsu ba, kuma ta nan ne da yawa ke lalacewa. Idan irin wannan ta tsaya da kanta ba tare da an taɓa ta ba, ofishin kamfanin ya kamata a fara kai ta.

Akwai kuma lalatawar ganganci. A watan Mayun 2018 masu bincike na Cisco Talos sun bayyana wata muguwar manhaja mai suna VPNFilter da ta shiga na'urori aƙalla 500,000 a ƙasashe 54, wadda ke da umarnin da zai iya goge farkon ma'adanar na'ura ya hana ta tashi. A ƙarshen Oktoban 2023 kuma, cikin kwana uku, rautoci fiye da 600,000 na abokan cinikin wani kamfanin intanet guda a Amurka suka mutu. Masu bincike na kamfanin Lumen, waɗanda suka fitar da rahoto a kai a watan Mayun 2024, sun danganta abin da wata manhaja mai suna Chalubo, suka kuma ce sai da aka sauya na'urorin da sababbi.

Wannan ne ma ya sa gudun sabuntawa baki ɗaya ba mafita ba ne, domin ta sabuntawar ce ake toshe ramukan da irin waɗannan manhajoji ke bi. Abin da ya dace da inda wuta ba ta da tabbas shi ne a haɗa rautar da inbata ko ƙaramin batirin UPS kafin a fara, a yi aikin ta waya daga laftof mai caji, a kuma guji lokacin da ake shirin sauyawa daga wutar gari zuwa janareta. Fayil ɗin manhajar da ke aiki a yanzu ma a sauke shi a ajiye a kwamfuta tun intanet na nan.

Bayan na'ura ta farfaɗo, a danna riset sau ɗaya domin a share ragowar tsofaffin saituna da ka iya saɓa wa sabuwar manhaja. Kalmar sirrin shiga shafin za ta koma ta masana'anta, wadda ke rubuce a ƙarƙashin akwatin, don haka a canza ta nan take. Sannan a koma saitunan kwamfuta a cire adireshin da aka rubuta da hannu, a mayar da ita kan karɓar adireshi da kanta, in ba haka ba rautar za ta yi aiki ga kowa a gidan amma kwamfutar da ta cece ta ta kasa shiga intanet.